ARZIKIN ƘARƘASHIN ƘASA DA AMANAR ASUSUN ƘUNGIYA: TSOKACI KAN ZUBA JARI A HAƘAR FOSFET

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya, a cikin birnin Kano

 



GABATARWA

Kamar yadda mafi yawanmu suka sani, a cikin wannan shekara an gabatar wa ƙungiyarmu tayin sayen hannun jari a wani ƙaramin kamfani da ke shirin haƙar ma'adinin fosfet a jihar Sakkwato. Wasu daga cikin 'ya'yan ƙungiya sun nuna sha'awar saka kuɗinsu na ƙashin kansu, wasu kuma sun kawo shawarar a ɗebi wani kaso daga asusun ilimi, wanda da shi muke biya wa marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi kuɗin jarrabawa, a zuba a cikin wannan harka domin asusun ya hayayyafa. Shugabanni sun ga bai kamata a yanke hukunci a kan dukiyar jama'a cikin duhu ba, shi ya sa suka ɗora mana nauyin yin bayani kafin a kaɗa ƙuri'a.

Ba za mu ambaci sunan kamfanin ba, ba kuma mu zo nan domin mu zargi kowa ba. Mun ɗauka cewa waɗanda suka kawo tayin mutanen kirki ne masu kyakkyawar niyya. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta mayar da dutse kuɗi, don haka za mu duba abin da ake son haƙowa, da hanyar da zai bi kafin ya zama riba, da kuma inda waɗanda suka riga mu suka yi tuntuɓe.

KANO DA ARZIKIN ƘASA

Haƙiƙa Bakano ba baƙo ba ne a harkar ma'adinai. Tarihin da muka gada ya nuna cewa maƙera ne, waɗanda ake kira Abagayawa, suka taso daga Gaya suka zauna a gindin Dala saboda tama da suka samu a wurin, kuma masu binciken kayan tarihi sun gano alamun narkar da ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7. Ke nan ana iya cewa haƙar ma'adini na cikin abubuwan da suka kafa garin nan tun kafin a gina ganuwa. Bayan da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, kanwar Barno da gishirin Bilma da tagulla sun riƙa shigowa ta ƙofofin birni, kakanninmu suna saye suna rarrabawa har Gwanja. A kudancin jiharmu kuma akwai kuzar Riruwai, wadda aka daɗe ana haƙa tun kafin zuwan Turawa.

Akwai abin lura a cikin wannan tarihi. Mafi yawan arzikin da Kanawa suka samu daga ma'adinai sun same shi ne ta hanyar fatauci, da sarrafawa, da dillanci. Mai kanwa a Kurmi yana ganin hajarsa da idonsa, ya ɗanɗana, ya auna, sannan ya biya. Abin da ake tallata mana a yau kuwa yana ƙarƙashin ƙasa, a nisan fiye da kilomita 500 daga Kano, kuma takarda ce kaɗai za a miƙo mana a madadinsa. Wannan bambanci shi ya wajabta mana yin tambaya fiye da yadda iyayenmu suka yi.

MENE NE FOSFET?

Fosfet wani dutse ne da ke ɗauke da sinadarin fosfaras, ɗaya daga cikin manyan sinadarai uku da shuka ke bukata. Idan muka duba buhun takin da manoma ke kira kamfa, za mu ga haruffa uku, wato NPK. Harafin tsakiya shi ne na fosfaras, wanda ke ƙarfafa saiwa, ya taimaka wajen fure da cikar ƙwaya. Takin sufa, wanda aka fara yaɗa shi ga manoman gyaɗa a Jihar Arewa tun shekarun 1950, daga wannan dutse ake yin sa. Ƙasar noma ta yankinmu tana da ƙarancin fosfaras, shi ya sa tun da daɗewa manoman kewayen birni suke shigowa da jakuna suna kwasar toka da juji daga unguwanninmu suna kaiwa gona.

Don haka babu shakka game da bukata. Nijeriya tana da manyan masana'antun yuriya, irin na Indorama a Fatakwal da na Ɗangote da aka buɗe a Legas a 2022, domin yuriya daga iskar gas ake yin ta. Amma fosfet ɗin da ake haɗa kamfa da shi daga waje ake sayo mafi yawansa. A watan Disamba na 2016, lokacin da Sarki Muhammad na Shida na Maroko ya ziyarci Nijeriya, aka ƙulla yarjejeniyar da ta haifar da shirin takin zamani na shugaban ƙasa, inda ake shigo da fosfet daga Maroko a haɗa shi a masana'antun cikin gida, kuma a 2017 aka sayar da buhun kamfa na wannan shiri a kan naira 5,500. Duk wanda ya je sayen taki a 'yan shekarun nan ya san yadda wancan farashi ya zama labari, musamman bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 da faɗuwar darajar naira. Saboda haka wanda ya ce ƙasar nan tana bukatar nata fosfet ya faɗi gaskiya.

Haka kuma gaskiya ne akwai fosfet a Sakkwato. Masana kimiyyar ƙasa sun bayyana cewa wajen shekara miliyan 60 da suka wuce teku ne ya rufe wannan yanki, daga ƙasar Sakkwato har Tawa a Jamhuriyar Nijar, kuma ragowar halittun ruwa ne suka taru a cikin laka suka zama fosfet. Ana samun sa a wajen Dange da Shuni da wasu wurare na jihar, kamar yadda ake samun wani a Ifo ta jihar Ogun. Na Sakkwato yana da ƙarfin sinadari gwargwado. Matsalarsa ita ce yadda yake kwance: ana samun sa ne curi-curi, a warwatse cikin siraran shimfiɗu na laka, ta yadda sai an kwashe ƙasa mai yawa kafin a tsinci kaɗan. Shi ya sa mutanen ƙauyukan wurin suka daɗe suna tsintar sa da hannu suna tarawa.

DAGA RAMI ZUWA BUHU

Jama'a, tsakanin a ce akwai ma'adini a ƙasa da a ce an sami riba akwai zango biyar, kuma kowane zango yana cin kuɗi.

Zango na farko shi ne aunawa. Ganin dutse a bakin rafi bai isa hujja ba. Sai an haƙa ramukan gwaji masu yawa a jere, an ɗebi samfuri an kai ɗakin bincike, sannan masani ya ƙiyasta tan nawa ne a wurin, zurfinsa nawa, kuma ƙasa nawa za a kwashe kafin a sami tan guda. Wannan aiki yakan ɗauki shekaru, kuma a duniya baki ɗaya, mafi yawan wuraren da aka bincika ba sa kaiwa ga zama mahaƙa.

Zango na biyu shi ne haƙa da wankewa. Dole a raba curin da laka, wannan kuwa yana bukatar ruwa da injuna da wutar lantarki ko man dizal.

Zango na uku shi ne sarrafawa. Dutsen fosfet ba ya narkewa da sauƙi a gona. Tun a 1842 wani Bature ɗan Ingila mai suna John Lawes ya yi rajistar dabarar zuba masa asid ɗin farar wuta, wanda muka fi sani da ruwan batir, domin ya zama takin sufa da shuka ke iya sha nan take. Ke nan mai dutse yana bukatar masana'anta mai asid, ko tasa ko ta wani. Ana iya niƙa dutsen a zuba shi a gona kai tsaye, amma hakan ya fi amfani a ƙasa mai tsami da ruwan sama mai yawa, kuma amfaninsa yana jinkirin bayyana.

Zango na huɗu shi ne sufuri. Fosfet kaya ne mai nauyi mai arha. Bari mu yi lissafi irin na ɗan aji shida. Tan ɗaya na sufa yana cin kimanin kilo 600 na dutse. Masana'antar da ke yin tan 100,000 a shekara za ta bukaci tan 60,000. Tirela tana ɗaukar tan 30, wato daidai da buhu 600. Ke nan ana bukatar sawun tirela 2,000 a shekara, kusan shida kowace rana, babu Juma'a babu Lahadi. Kada mu manta layin dogo bai kai Sakkwato ba, a Ƙauran Namoda ya tsaya tun zamanin Turawa. Duk ƙarin da aka yi wa man dizal, a kan wannan dutse zai sauka.

Zango na biyar shi ne kasuwa, kuma a nan ne ƙaramin kamfani zai haɗu da manya. Maroko ita ke da kusan kashi 70 cikin 100 na fosfet ɗin da aka tabbatar a duniya. Kamfaninta na OCP ya shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 187 daga mahaƙar Huribga zuwa gaɓar teku, wanda ya fara aiki a 2014, domin rage kuɗin ɗauko. Togo, wadda ta fi kusa da mu, tana haƙa tun 1961, kuma mahaƙarta tana dab da teku. Farashin kuma ba a hannunmu yake ba. A farkon 2007 ana sayar da tan ɗaya a kan wajen dala 50, a 2008 ya haura dala 400, a 2009 ya faɗo ƙasa da dala 100. Kamfanin da ya yi lissafin ribarsa da farashin 2008 ya wayi gari da bashi a shekarar da ta biyo.

DARUSSA DAGA MAƘWABTA DA NESA

Hausawa na cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A 1976 gwamnatin tarayya ta buɗe masana'antar takin sufa a Kaduna, mai ƙarfin yin tan 100,000 a shekara. Duk da cewa akwai fosfet a Sakkwato, daga Togo ta riƙa sayo dutsen da take sarrafawa. Ya kamata duk mai son zuba jari ya tambayi kansa dalilin da ya sa aka tsallake na gida aka ɗauko na ƙetare, ya kuma nemi kamfanin da ke neman kuɗinsa ya gaya masa abin da ya canja.

A Tawa, inda irin wannan curin yake, an yi ƙoƙarin tsintar sa da niƙa shi a sayar wa manoma daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 1980. Aikin bai ɗore ba. Daga cikin dalilan akwai cewa garin dutsen yana da laushi ƙwarai, iska na kwashe shi lokacin watsawa, manoma kuma ba sa ganin sakamako da wuri kamar na takin kanti.

A gefe guda kuma akwai misali mai daɗi a Sakkwaton ita kanta. Kamfanin siminti na Kalambaina, wanda ya fara aiki a 1967, ya rayu har yau domin farar ƙasar da yake bukata tana da yawa, tana kusa da sama, masana'antar tana zaune a kanta, kasuwa kuma tana bakin ƙofa. Wannan ya nuna mana cewa ma'adini yana biya idan yawa da kusanci da kasuwa suka haɗu.

Mu dubi Jos. A wajen 1910 labarin kuzar Filato ya tayar da hankalin masu kuɗi a Landan, aka kafa kamfanoni barkatai, mutane suka yi ta sayen hannun jari a wuraren da ba su taɓa gani ba. Kaɗan daga cikin kamfanonin suka rayu. Waɗanda suka rayu ma, da farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya a watan Oktoba na 1985, harkar ta durƙushe, aka bar wa jama'a ramuka cike da ruwa. Mu da muka tashi a cikin ganuwa mun san illar kududdufi, mun san yaran da ya ci. Mun kuma ji abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara kimanin 400. Wanda ya sayi hannun jari ya zama mai kamfani, don haka yana da kaso a cikin alhakin ramin da aka bari a gonar talaka.

Daga nesa kuma akwai labarin Bre-X, wani ƙaramin kamfani na ƙasar Kanada da ya yi shelar gano zinariya mai ɗimbin yawa a Busang ta ƙasar Indonesiya. Darajar hannayen jarinsa ta haura dalar Kanada biliyan 6. A 1997 aka gano cewa garin zinariya ake barbaɗawa a cikin samfurin kafin a kai shi gwaji. Manyan asusun fansho da ƙwararrun masu bincike duk sun faɗa. Bayan wannan ne Kanada ta tsaurara doka, ta wajabta cewa sai ƙwararren masani, wanda za a iya kama shi da laifi, ya sa hannu a kan rahoton ma'adini kafin a tallata shi ga jama'a.

A gida kuma ba mu manta da 2008 ba. Bayan haɗe bankuna da aka yi a 2005, jama'a sun yi rububin sayen hannun jari, wasu da kuɗin fansho, wasu da bashi. Ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Legas ya kai sama da 66,000 a watan Maris na 2008, kafin shekara ta zagayo ya faɗo wajen 20,000. Mafi tsananin asara ta faɗa wa waɗanda suka sayi hannun jarin kamfanonin da aka yi alkawarin za a shigar da su kasuwa amma ba a shigar ba, domin har yau wasu suna riƙe da takardar da babu mai saye. Sai kuma MMM a 2016 da CBEX a 2025, waɗanda suka nuna cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne a kowane zamani.

TAMBAYOYI BAKWAI

Matambayi ba ya ɓata. Ga tambayoyin da muke ganin wajibi ne a sami amsarsu a rubuce kafin kwabo ya fita.

Ta farko: wane irin lasisi kamfanin yake da shi, kuma da sunan wa? Tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun mallaka wa gwamnatin tarayya duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa. Sayen fili ko yardar mai gari ba ya ba mutum ikon haƙa. Lasisin bincike na shekara 3 ne, ana iya sabunta shi sau biyu, shekara bibbiyu, kuma izinin nema ne kawai. Lasisin ƙananan masu haƙa na shekara 5 ne, babban lasisin haƙa kuma na shekara 25. Ana iya tantance lambar lasisi a ofishin rajistar ma'adinai da ke Abuja. A duba ko ana biyan kuɗin shekara, domin a watan Nuwamba na 2023 gwamnati ta soke lasisi 1,633 saboda rashin biya, a watan Afrilu na 2024 kuma ta soke wasu 924 da aka riƙe ba a aiki da su.

Ta biyu: wa ya auna ma'adinin? Ramuka nawa aka haƙa, a wane ɗakin bincike aka gwada, kuma masanin da ya sa hannu yana da hannun jari a kamfanin ko ba shi da shi?

Ta uku: wa zai saya? Muna son ganin yarjejeniya da wata masana'anta, wadda ta faɗi yawan kaya da ingancinsu da farashi. Maganar baka cewa gwamnati za ta saya ba ta isa ba.

Ta huɗu: nawa ake bukata gaba ɗaya kafin a sayar da tan na farko, kuma ina sauran kuɗin za su fito? A nan akwai wani lissafi da ya kamata kowa ya riƙe. A ce kamfani yana da hannun jari miliyan 100, muka sayi miliyan 5, muna da kashi 5 cikin 100. Bayan shekara biyu kuɗi suka ƙare, aka fitar da sababbin hannaye miliyan 400 aka sayar wa wani attajiri. Jimla ta zama miliyan 500, namu yana nan a miliyan 5, wato mun koma kashi 1 cikin 100. Babu wanda ya sace mana komai, amma rabonmu ya ragu zuwa ɗaya bisa biyar na da. Haka ƙananan kamfanonin ma'adinai suke rayuwa, domin ba su da abin sayarwa sai hannun jari har ranar da za su fara haƙa.

Ta biyar: doka ta yarda kamfanin ya tallata mana hannun jari? A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, kamfani mai zaman kansa na keɓantattun mutane bai wuce mambobi 50 ba, kuma ba shi da izinin gayyatar jama'a su sayi hannun jarinsa. Wanda ke son tallata wa jama'a sai ya bi ta hukumar kula da hada-hadar hannayen jari, wato SEC. A kuma je hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, a ga sunayen daraktoci da bayanan da suke shigarwa kowace shekara.

Ta shida: ina ƙofar fita? Idan ɗayanmu ya rasu, ko bukatar aurar da 'ya ta taso, wa zai sayi hannun jarinsa, a kan wane farashi?

Ta bakwai: yaya mutanen wurin? Dokar 2007 ta wajabta ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mazauna wuri kafin a fara haƙa, da biyan diyyar gona, da gyara ƙasa bayan an gama. A kuma tambayi halin tsaro a wurin da kan hanya, domin mun ga yadda gwamnati ta dakatar da haƙar ma'adinai a Zamfara daga 2019 har zuwa ƙarshen 2024.

MAHANGAR ADDINI

Malamanmu suna zaune, su ne masu fatawa, mu tunatarwa kawai za mu yi. Haɗa jari a kan sana'ar halal abu ne da shari'a ta yarda da shi, kuma da ƙiradi fatakenmu suka yi safarar goro, inda mai dukiya ke ba da jari, mai aiki ya yi tafiya, a raba riba bisa kason da aka amince. Sharaɗin shi ne riba kaso ce daga abin da aka samu, asara kuma tana kan jari. Saboda haka duk wanda ya ce mana zai ba mu kaza kowane wata tabbas, kuma uwar kuɗinmu ba za ta taɓu ba, alhali bai sayar da ko tan ɗaya ba, to maganarsa ta fita daga ƙiradi ta doshi riba ta haram, sannan sai mu tambaye shi daga aljihun wa zai biya. Shari'a ta kuma hana cinikin garari, wato sayen abin da ba a san haƙiƙaninsa ba. Bincike shi ke rage garari. Game da dukiyar marayu kuwa, an so mai riƙonta ya juya ta don kada ta ƙare, amma a inda ya fi rinjayar da zaton aminci, domin riƙo aka ba shi.

SHAWARWARI

Bisa ga abin da ya gabata, muna gabatar wa wannan taro shawarwari biyar.

Na ɗaya, kada a taɓa asusun ilimi da na marayu domin wannan harka. Kuɗin jarrabawa yana da ranar biya, mahaƙa kuwa ba ta da ranar haihuwa. Idan ana son asusun ya ƙaru, akwai hanyoyi masu sauƙin haɗari, irin sukuk na gwamnatin tarayya da aka fara fitarwa a 2017, ko ajiyar juyawa a bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa.

Na biyu, a kafa kwamitin mutum biyar daga cikin 'ya'yanmu, a sa lauya da akanta da masanin kimiyyar ƙasa, waɗanda ba su da wata alaƙa da kamfanin. Su je Abuja su tantance takardu, su je wurin da ƙafarsu, su ɗebi samfuri da hannunsu su kai ɗakin binciken hukumar safiyon ƙasa da ke Kaduna ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, su kawo rahoto a rubuce cikin wata uku. Gani ya kori ji.

Na uku, bayan rahoton, duk wanda ya ga zai shiga da kuɗinsa yana da 'yanci, amma ya saka abin da idan ya salwanta gidansa ba zai girgiza ba. Kada a sayar da gidan gado na cikin birni, kada a taɓa kuɗin fansho ko guzurin Hajji, kada a ci bashi. Ya kuma sa a ransa cewa zai iya jiran shekara 7 zuwa 10 bai ga kwabo ba.

Na huɗu, kada a yi amfani da sunan ƙungiya ko hoton dattawanta wajen tallata hannun jarin kowane kamfani, domin na nesa zai ɗauka mun bincika mun lamunce.

Na biyar, mu waiwayi inda ƙarfinmu yake. Muna da 'ya'ya a Dawanau da Singa, muna da masu motocin ɗaukar kaya, muna da manoma a Kadawa da Kura da ke neman taki mai kyau kowace damina da rani. Idan mahaƙar ta tabbata, za a bukaci mai ɗauko, da mai ajiya, da mai haɗawa, da mai rarrabawa, kuma wannan ita ce sana'ar da muka gada. A lokacin za mu shiga muna ganin haja da idonmu.

KAMMALAWA

Mai girma shugaban taro, 'yan'uwa maza da mata, muna fatan ganin ranar da manomin Kano zai zuba takin da aka haƙo a Sakkwato aka sarrafa a Arewa, kuma muna yi wa duk mai wannan yunƙuri addu'ar nasara. Sau da yawa ƙananan kamfanoni ne suke fara gano ma'adinai a duniya, kuma da babu masu ƙarfin halin saka musu jari da ba a buɗe mahaƙu da dama ba. Amma wannan fage ne na mai rarar dukiya da sani da haƙuri. Kuɗin da ke asusunmu kuwa gudummawar direba ce da malamin makaranta da 'yar kasuwa, waɗanda suka tsakuro daga guminsu domin yaron Yakasai ko na Madabo ya zauna jarrabawa a kan lokaci. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Dutsen ya yi shekaru miliyoyi a inda yake, wata ukun da kwamiti zai ɗauka ba zai rage shi ba.

 Allah ya yi wa dukiyarmu albarka, ya raya mana zuriya, ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da Kano da Nijeriya lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.